Bashin Taga

Babana Vendelín ya ce wa mai jirgi ya kashe inji.
Mai jirgi ya dube ni, na gyaɗa masa kai.
Shiru ya rufe tafkin Orava
kamar an kifa ƙwarya.

Tsoho ya kanne ido ɗaya irin na kafinta,
ya jera hasumiyar cocin da ta tsira a tsibiri
da ƙoƙuwar Babia Hora mai hular gajimare,
ya ce, "Matsa gaba kaɗan, yaro,
kana kan rumbun su Cyprián."

Ni ruwa kawai nake gani,
kore shar, mai sanyin da ke cizon yatsa.
Shi kuwa Slanica yake gani:
gidajen gungume masu rufin katako,
rijiya, kangon maƙera,
fadamar da mata ke shanya lilin har ya yi fari tas,
maza su loda shi a keken doki su yi kudu,
ba a ganin ƙeyarsu sai ƙanƙara ta kusa.

Yana da shekara tara takarda ta iso da hatimi.
Za a datse kogi, ƙasa na son lantarki.
Aka kwance gidaje gungume-gungume,
aka sa wa kowane lamba da alli,
aka tono kakanni, aka hau da su tudu a amalanke,
su da suka ɗauka sun gama tafiya.

A makon ƙarshe ne ya saki dutse daga danƙo.
Hankaka ya auna,
tagar Hedviga ya samu,
gwauruwar da ke ƙarshen layi, mai amyar zuma uku.
Ta riƙo kunnensa har ƙofar gida:
"Koruna biyar!"
Kakana ya yi dariya har da riƙe ciki,
ya ce, "Haba, baiwar Allah,
nan da wata guda kifi ne zai leƙa ta tagar nan."

Ba ta tanka ba.
Washegari ta taka har Námestovo,
ta dawo da gilashi naɗe a mayafi,
ta sa shi da hannunta, ta goge da tsumma,
ta rataya labule mai furen ɗinki,
ta ja ƙofa.
Gidanta kaɗai ba a kwance ba, ba ta da mai ɗauka.

Ruwa bai zo da gudu ba, in ji Baba.
Rarrafe ya yi kamar jinjiri,
ya ci kabeji, ya ci dankali, ya hau dokin ƙofa.
Dinyoyin mahaifiyarsa, kowace yamma,
sai su baro sabon gari su faɗa tafki,
su yi ta kewaya wuri guda,
daidai saman akurkinsu,
har duhu ya yi a je a koro su da kwalekwale.

Tun daga nan ƙasa ta rabu biyu,
kuɗi ya sake fuska ya sake suna,
Hedviga ta rasu a bene hawa na huɗu
inda taga ke kallon bangon masana'anta.

Yanzu ya laluba aljihun kwat,
ya ciro tsoffin sulalla biyar
waɗanda ko mai sayar da ashana ba zai karɓa ba.
Ya sake su ɗaya bayan ɗaya.
Kowane ya yi walƙiya sau biyu, sau uku,
ruwa ya haɗiye.

Mai jirgi ya cire hula bai san dalili ba.

Baba ya daɗe yana leƙe, hannunsa a jiƙe.
Da ya ɗago sai ya ce,
"Za ta ce ban sa kuɗin labule ba."
Ya share hanci da bayan hannu,
ya tambaye ni ko cukwin tumakin nan ya rage,
don yunwa yake ji,
kuma tsibirin da sauran tafiya.